Ikon Hukuma Aro Ne

Majalisa ce ke yin doka, amma ba ta zama ta tsara kowane ɗan bayani. Wannan aikin hukumomin gwamnati ake bar wa, su fitar da ƙa'idoji, su yanka kuɗin lasisi, su faɗi abin da aka hana. Sai dai ikon nan aro ne daga doka, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Duk ƙa'idar da ta wuce gona da iri, ana iya kai ta gaban alƙali.

Wasu masunta a jihar New Jersey ta Amurka sun gwada hakan. A 2020 hukumar kula da kamun kifi a teku ta ce jiragensu su riƙa ɗaukar jami'in sa ido, kuma su biya shi daga aljihunsu, kimanin dala 710 a rana. Masuntan suka ce a nuna musu inda dokar kamun kifi ta 1976 ta ɗora musu wannan kuɗi. Ƙananan kotuna suka kayar da su, domin tun hukuncin Chevron na 1984 an ɗora alƙalai kan cewa idan doka ta yi shiru ko ta yi harshen damo, fassarar hukuma za a bi muddin hankali zai ɗauka.

Ranar 28 ga Yuni, 2024, Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe wancan tsari a shari'ar masuntan. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya kafa hujja da dokar 1946 mai tsara ayyukan hukumomi, wadda ta bar wa kotu fassara doka. Mai Shari'a Elena Kagan ba ta yarda ba. A ganinta, ƙwararrun hukuma sun fi alƙali sanin sha'anin kifi, magani ko gurɓatar iska.

Mai ƙarar hukuma yakan bi ɗaya daga ƙofa uku: hukumar ta zarce ikonta, ko ta tsallake matakai kamar jin ra'ayin jama'a, ko ƙa'idar ba ta da dalili. Amma sai ya nuna ta taɓa shi, ya kuma shigar da ƙara kan lokaci.

A Najeriya ma an gani. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar naira dubu 500 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci kowanne daga gidajen rediyo da talabijin 45, ta ce hukumar ba kotu ba ce.

Saboda haka idan takardar hukuma ta iso maka, kafin ka sa hannu a aljihu, tambayi lauya: wace doka ce ta ba hukumar wannan iko?