Lambu a Tsaye: Noman Kayan Miya a Gida ba Tare da Ƙasa ba

Noman haidirofonik shi ne rainon tsiro ba a cikin ƙasa ba, inda saiwoyi suke samun abincinsu kai tsaye daga ruwan da aka narka sinadaran taki a cikinsa. Idan aka jera tsirran sama da sama a jikin doguwar bututu maimakon a shimfiɗa su a fangali, shi ne ake kira lambun tsaye ko hasumiyar lambu. Bututu ɗaya mai tsayin mita ɗaya da rabi yana iya ɗaukar tsirrai 20 zuwa 30, alhali gurbin da ya ci a ƙasa bai wuce na randa ba. Wannan ne ya sa mazauna birane, waɗanda tsakar gidansu siminti ne ko kuma baranda kaɗai suke da ita a saman bene, suka fi kowa sha'awar tsarin.

Ilimin ya daɗe. Wajajen shekarar 1860 wasu masanan tsirrai biyu na Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa ana iya rainon tsiro har ya girma a cikin ruwan da aka zuba wa gishirin ma'adinai kawai. Abin ya tsaya a ɗakin bincike har zuwa lokacin da William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya fito da shi fili, ya noma tumatir mai tsayin fiye da mita 7, ya kuma raɗa wa tsarin sunan da ake kiransa da shi a 1937. Shekara ɗaya bayan haka Dennis Hoagland da Daniel Arnon, su ma a jami'ar, suka wallafa haɗin takin ruwa wanda har yau ake dogaro da shi. A shekarun 1960 kuma Allen Cooper a Ingila ya ɓullo da dabarar barin siririn ruwa yana gudana a kan saiwoyi ba tsayawa. Hasumiyar gida 'yar wannan dabara ce, sai dai ruwan nata daga sama yake zubowa.

Abin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne tsiro ba ƙasa yake ci ba. Jikinsa daga iska da ruwa da hasken rana yake gina shi. Ƙasa aikinta huɗu ne: ta riƙe shi ya tsaya, ta adana masa laima, ta ba shi ma'adinai, ta kuma bar wa saiwoyi ƙofofin shaƙar iska. Wanda ya cire ƙasa ya ɗauki waɗannan ayyuka huɗu a kansa, kuma a nan ne duk daɗin tsarin da wahalarsa suke. Fangalin da aka manta ba a ba shi ruwa ba yini guda yakan jure, saboda ƙasa ta ɓoye danshi. Saiwar da take rataye a cikin bututu ba ta da wannan gata.

Ginin hasumiyar ba shi da sarƙaƙiya. A ƙasa akwai tanki, galibi robar ruwa mai murfi mai cin lita 40 zuwa 80. A tsakiyar murfin ake kafa bututun PVC mai faɗin inci 4 ko 6. Ana tsaga jikinsa a kwance, a gasa wurin da iska mai zafi har robar ta yi laushi, sannan a cusa wuyan kwalba ko sandar katako a karkace, a riƙe har ta huce. Abin da zai fito aljihu ne mai kallon sama, wanda zai riƙe ɗan kofi mai huji-huji da tsiro a ciki. Tsakanin aljihu da aljihu ana barin santimita 15 zuwa 20, kuma ba a jera su a layi ɗaya, ana saɓa su ne don kada na sama ya rufe na ƙasa. Wannan gashi a fili ake yin sa, domin hayaƙin robar ba shi da kyau ga huhu, kuma bututun ya zama sabo, irin na ruwan sha.

A cikin tankin ake nutsa ɗan injin tura ruwa, wanda zai kai ruwa can ƙololuwa ta siririyar tiyo da ta bi cikin bututun. A saman akwai murfi mai ƙananan huji da yake watsa ruwan, ya gangaro yana jiƙa saiwoyi, ya koma tanki, a sake tura shi. Wajen sayen injin, abin dubawa shi ne tsayin da yake iya kai ruwa, wanda ake rubutawa a jikin kwalinsa. Yawancin ƙananan injinan tankin kifi ba sa wuce mita ɗaya, don haka sai a ga ruwa ya tsaya a rabin hanya, tsirran sama suna yaushi. Ba dole ne injin ya yi ta aiki ba hutu. Ana haɗa shi da na'urar ƙayyade lokaci, ya yi minti 15 ya huta 45 a lokacin sanyi, a rage hutun idan rana ta yi zafi. Inji mai wat 20 da yake aiki minti 15 a kowace awa, wutar da zai sha a yini ba ta wuce ta ƙwan fitila mai wat 10 da aka bari a kunne awa 12 ba.

Tanki da bututu duka kada su bar haske ya shiga. Ruwa mai taki da ya ga rana cikin 'yan kwanaki yake yin gansakuka, ita kuwa ta cinye abincin tsiro, ta toshe tiyo. Rufe tankin ruf yana da wata fa'ida ta biyu wadda ba a wasa da ita a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro: ba a buɗe wa sauro wurin ƙyanƙyasa a tsakar gida ba.

Zuciyar aikin ita ce ruwan takin. Tsiro yana buƙatar naitirojin, fosforas, fotasiyam, kalsiyam, magnesiyam da farar wuta da ɗan yawa, sannan ƙarfe, manganis, zinki, boron, jan ƙarfe da molibdinam kaɗan-kaɗan. Takin buhu da manoma suka saba da shi, irin su NPK 15-15-15 da yuriya, bai dace da wannan aiki ba. Na farko ba ya narkewa duka, yana barin laka a gindin tanki, kuma bai ƙunshi dukkan abin da ake buƙata ba, domin an yi shi ne da zaton ƙasa za ta cike gibin. Yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin tsiro ya more ta sosai. Takin haidirofonik yakan zo gida biyu, ana rubuta A a ɗaya, B a ɗayan. Dalilin rabuwar shi ne idan kalsiyam ya haɗu da sinadaran farar wuta ko na fosforas alhali suna da kauri, sai su dunƙule su zama farin gari da ba ya narkewa. Saboda haka ana zuba A a cikin cikakken tanki, a motsa, sannan a zuba B. Wanda ya gauraya su a kofi ɗaya ya yi asarar kuɗinsa tun kafin shuka ta ɗanɗana.

Na'urori biyu masu kama da alƙalami ne suke gaya wa mai lambu halin da ruwansa yake ciki. Ta farko tana auna kaurin gishirin taki, abin da ake kira EC. Latas yana son tsakanin 1.2 da 1.8, tumatir kuwa daga 2 zuwa 3.5, wanda ya nuna cewa haɗa su a tanki ɗaya dole ya ƙwari ɗayansu. Ta biyu tana auna tsamin ruwa, wato pH, kuma abin da ake nema shi ne 5.5 zuwa 6.5. Idan ya haura 7, ƙarfe yana nan a cikin ruwan amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Alamar tana fitowa a sababbin ganyen tsakiya: su yi rawaya fatau, jijiyoyinsu kuwa su zauna kore shar. Mai ganin haka yakan ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, alhali tsamin ruwan ne ya kamata ya gyara. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan alli shi ya fi jawo wannan matsala. Ana sauke pH ɗin da 'yan ɗigon ruwan asid na fosforas da ake sayarwa don haka. Ruwan lemun tsami ma yana yi, sai dai tasirinsa ba ya daɗewa.

A lokacin zafi tsiro yana shan ruwa fiye da yadda yake ɗaukar gishiri, don haka abin da ya rage a tanki sai ya yi ta kauri. Ciko a irin wannan lokaci da ruwa zalla ake yi, sai an auna kafin a ƙara taki. Duk mako biyu zuwa uku a zubar da tsohon ruwan gaba ɗaya a haɗa sabo. Tsohon ba shara ba ne, zogale ko gwandar gida za su more shi.

Zafi shi ne babban abokin gabar tsarin a yankin Sahel. Saiwoyi sun fi walwala idan ruwa yana tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salsiyos. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, idan ya kai 30 sai ya sauka zuwa kusan 7.5, a daidai lokacin da saiwar ta fi buƙatar iskar. Nan ne cutar ruɓewar saiwa take samun ƙofa. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, mai ƙarfi, ba ta da wari. Wadda ta kamu kuwa takan koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta riƙa saɓulewa a hannu tana ɗoyi. A Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Yamai, inda zafin Afrilu yake haura digiri 40, tankin da aka bari a rana ba zai kai labari ba. Ana binne rabinsa a ƙasa, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a shafa wa bututun farin fenti, a kuma yi rumfar raga mai rage rana. Duk da haka latas a bazara saurin fitar da kara yake yi, ganyensa ya yi ɗaci. Lokacinsa hunturu ne, kamar dai yadda masu noman rani a fadama suka sani tun tuni.

Sai batun wuta. Idan aka ɗauke ta da tsakar rana, saiwoyin da suke rataye cikin bututu mai zafi suna iya bushewa cikin 'yan awoyi. Inda wutar gwamnati ba ta da tabbas, ya fi dacewa a sayi inji mai aiki da batir na bolt 12 a haɗa shi da ƙaramin faifan sola. Wanda ba ya son inji ko kaɗan yana da hanyar da Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi ya yaɗa: bokiti mai murfi cike da ruwan taki, tsiro a saman murfin, yayin da ruwan yake raguwa sai sarari ya buɗe inda saiwoyin sama za su shaƙi iska. Ana jera irin waɗannan a kan kanta hawa-hawa, a sami lambun tsaye ba tare da waya ko ɗaya ba.

Ba kowace shuka ce ta dace da hasumiya ba. Ganyaye masu ƙaramin jiki da saurin girma su ne nata: latas, alayyafo, na'ana'a, ɗoɗɗoya, ganyen albasa, da kuma sitiroberi a wuri mai sanyi irin Jos. Latas yana isa yanka cikin mako huɗu zuwa shida bayan dashe, kuma idan ana tsinkar ganyen waje ana barin na tsakiya, tushe ɗaya zai daɗe yana bayarwa. Tumatir, attaruhu da kokwamba suna yi, amma a aljihun ƙasa, da sanda ko igiyar da za su jingina, kuma furen tumatir yana son a riƙa girgiza shi idan yana wurin da iska da ƙudan zuma ba sa kaiwa. Karas, dankali, rogo da albasa mai kai ba wurinsu ba ne. Na'ana'a kuma sai an sa mata ido, domin saiwoyinta kan cika bututu su tare hanyar ruwa, sai an riƙa datse su da almakashi.

Ba a zuba iri kai tsaye a hasumiya. Ana tsirar da shi a ɗan soso, ko zaren ɓawon kwakwa da aka wanke sosai, ko ƙonannen ɓuntun shinkafa, a dasa bayan ya yi ganye uku zuwa huɗu kuma saiwa ta leƙo. Game da haske, tsirrai masu 'ya'ya suna son rana ta awa shida ko fiye, ganyaye kuwa awa huɗu zuwa shida sun ishe su. Tunda bututu yana yi wa bayansa inuwa, ana juya shi kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku. A cikin ɗaki sai da fitilun LED na awa 12 zuwa 16, abin da yake ninka kuɗin wuta sau da yawa. Rashin ƙasa yana kawar da ciyawa da tsutsar saiwa, amma bai hana ƙwari masu tashi ba. Farin ƙuda mai tsotsar ganye yana zuwa, haka ma tsutsar nan ta Tuta absoluta wadda ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna ɓarna a 2016.

Game da riba, masu tallan kayan sukan faɗi rabin magana. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan noman latas a jihar Arizona ta Amurka ya gano cewa tsarin ruwa ya ba da amfani ninki 11 a fili ɗaya, da ruwa ƙasa da na gona sau 13, amma makamashin da ya ci ya ninka sau 82, galibi wajen ɗumama da sanyaya rumfunan. Irin wannan nauyi yana cikin abin da ya durƙusar da wasu manyan kamfanonin noman tsaye. AeroFarms na Amurka ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2023. Hasumiyar gida da take amfani da hasken rana kyauta ta tsira daga mafi yawan wannan kuɗi, sai dai takin, na'urorin awo da injin duk sayensu ake yi, wasu ma daga waje ake shigo da su. Inda alayyafo yake da arha a bakin kasuwa, da wuya ta mayar da kuɗinta da wuri. Amfaninta ya fi bayyana ga mai son ganyen da ake ci ɗanye, wanda ya san ruwan da ya raine shi, musamman a biranen da ake ban ruwan wasu lambuna da ruwan kwata.

Bayan an kwashe amfanin zango ɗaya, ana kwance hasumiyar, a zare ragowar saiwoyi, a goge bututu da kofuna da injin. Daga nan a zagaya da ruwan da aka ɗiga wa bilic na ɗan lokaci don kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye da ruwa mai tsabta har warin ya fita, a shanya a rana. Mai son kada gidansa ya yanke da ganye yakan tsirar da sabon iri mako biyu zuwa uku kafin wannan wanki, ta yadda dashe zai shiga a ranar da aka mayar da bututun mazauninsa.