Daren Mai Ciwon Daji: Abin da Annobar Korona Ta Koya Mana a Gadarif

A wannan fitowa za mu leƙa Gadarif, garin dawa da riɗi a gabashin Sudan, inda jikokin Hausawa mahajjata suka yi kaka-gida tun zamanin tafiya Makka a ƙasa.

A watan Maris na 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a Sudan, aka dakatar da motocin fasinja tsakanin jihohi, sannan a ranar 18 ga Afrilu aka kulle Khartum, gab da azumi. Ga mai ciwon daji a Gadarif wannan babbar jarrabawa ce, domin a lokacin gashin ciwon da na'ura yana bukatar tafiya Wad Madani, mai nisan fiye da kilomita 200, ko Khartum, mai nisan kimanin 400. Ga kuma maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya yana rage ƙwayoyin jini masu kare jiki, don haka shiga cunkoson asibiti ya zama abin tsoro. Majinyaci ya rasa tudun dafawa: in ya tafi yana fargabar annoba, in ya zauna yana fargabar ciwon ya ci gaba da yaɗuwa. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa, sai dare ya yi masa tsawo.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure. Idan mara lafiya ya kwana ido biyu yana juyi, sai mu ce ya rage tawakkali. Alhali rashin barcinsa yana da dalilai da likitoci suka sani. Akwai raɗaɗin ciwon kansa. Akwai maganin Dexamethasone da ake bayarwa don hana amai, wanda yakan kore barci idan an sha shi da yamma. Akwai yawan kwanciya da rana, da shayi da gahawa na bayan magariba. Damuwa na hana barci, rashin barci kuma na ƙara damuwa da jin zafi, su yi ta zagaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu na 2023, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu na 2023 ya tarwatsa jinyar daji a Khartum, daga baya har Wad Madani, kuma a watan Satumba aka sanar da kwalara a Gadarif. Ashe darasin bai tsufa ba.

Saboda haka muna jan hankalin iyalai. A faɗa wa likita batun barci kamar yadda ake faɗa masa batun amai, a tambaye shi lokacin da ya fi dacewa a sha kowane magani, kada kuma a sayo ƙwayar barci a kemis ba da saninsa ba. A rage barcin rana, a fito da majinyaci ya sha hantsi. Idan zazzaɓinsa ya kai digiri 38 yana cikin karɓar magani, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Wanda ya kasa zuwa dubiya ya buga waya. Mai jinya kuma a riƙa karɓarta, ita ma ta runtsa.

Mu zauna kusa da shi, mu saurari tsoronsa ba tare da gaggawar yi masa wa'azi ba, mu taya shi azkar na kwanciya. Neman magani da dogaro ga Allah tare suke tafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.