Ƙyallen tela ma dukiya ne

Da ɗari ya sauko Adar, bargo ke ciniki a kasuwannin Madawa, Buza da Keita. Shi ya sa munka ɗauki bashin asusu, munka sayi ƙyallayen atamfa gun teloli, muna harhaɗawa.

Bargon hawa uku ne: ƙyallaye sama, auduga tsaka, tsohon zane ƙasa. Ɗinki ke riƙe su. Na farkonmu, wanki ɗaya auduga ta dunƙule, mai saye ta maido shi, ga ranar biya ta matso!

Nan munka koyi darasi. A fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki. Tsakanin layi da layi kar ya wuce yatsa huɗu. Atamfa mai zane da yawa, miƙaƙƙen layi ya ishe ta. Ƙyalle maras zane kuwa, a gicciya mashi layi kamar saƙar tabarmar Madawa.

A Amurka akwai keke mai dogon hannu, bargo na shimfiɗe, keken ke yawo bisansa. Kuɗinsa miliyoyi ne, kuma sai da lantarki. Mu keken ƙafa da allura sun ishe mu. ’Yan uwa, ku gwada da bargon goyo tukuna kafin ku ɗauki bashi.