Yadda Kiristocin Bishara Ke Fassara Littafi Mai Tsarki a Ƙasar Hausa

Kiristocin bishara ɓangare ne na Furotesta da suka ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin hurarriyar maganar Allah, mai yanke hukunci na ƙarshe a kan aƙida da zaman duniya. Littattafai 66 ne a wurinsu: 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabon Alkawari. Tunda komai a kan nassi ya rataya, rabin karatun tauhidinsu koyon fassarar aya ne.

A yankin Filinge na ƙasar Nijar, ko Kurfey ko wajen Tabla, jama'a Musulmi ne, Kirista ƙalilan ne, don haka cibiyoyin wannan karatu suna can gabas. Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928, daga baya ta kai Dogon Dutse. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, kuma da shi makarantar Tsibiri ta horar da masu bishara da fastoci. Mishan ba ta ba Faransanci muhimmanci ba. Abin da ya haifar shi ne malaman da ayoyi ke kansu kamar ruwa, amma ƙofar manyan littattafan sharhi a rufe take gare su. Barbara Cooper ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi. Karatu mai zurfi ya fi kafuwa a Nijeriya, a Kagoro da Bukuru da kuma makarantar tauhidi ta cocin ECWA da aka buɗe a Jos a 1980.

Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya ciro aya ita kaɗai. Sai ya san wanda ya rubuta, da waɗanda aka rubuta wa, da abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Idan karatunsa ya yi nisa, ya leƙa Ibrananci ko Helenanci. Sannan nassi ne ke fassara nassi. Misali, Markus sura 5 ta kawo labarin mai aljannu da ke kwana a makabarta yana tsinka sarƙoƙi, har Yesu ya kori aljannun suka shiga garken aladu wajen 2,000. Ɗalibi zai buɗe Luka 8 da Matiyu 8, ya tarar Matiyu mutum biyu ya ambata. Amsar malaman bishara ita ce Markus da Luka sun tsaya ne kan wanda ya fi fice, ba saɓani ba ne. Wasu masanan Turai, irin su Bajamushe Rudolf Bultmann, sun ɗauki irin waɗannan labarai a matsayin tunanin mutanen dā wanda ya kamata a sake masa fassara. Ƴan bishara sun ƙi, suka ce abin ya faru yadda aka rubuta shi.

Wannan gardama ta Turai ba ta da kasuwa sosai a nan. Mutumin Kurfey, ƙasar da bori ya yi ƙarfi kuma iskokin Hauka suka ɓulla wajen 1925, ba ya neman hujjar samuwar iska. Tambayarsa dabam ce: wanda ya karɓi bishara zai iya komawa wurin boka idan ɗansa ya kwanta? Kuma kakannin da suka bauta wa iskoki, mene ne matsayinsu?

Wanda ya fi ɗaga murya a kan wannan shi ne Byang Kato, ɗan ƙabilar Jaba daga Kwoi a kudancin Kaduna, haifaffen 1936. Ya yi digirin digirgir a Dallas ta Amurka, aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar ƴan bishara ta Afirka a 1973. A littafinsa na 1975 ya soki John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, yana ganin sun ɗaukaka addinin gargajiya har sun kusa mai da shi hanyar ceto. Matsayinsa shi ne a yi wa'azi da harshen mutane da tufafinsu da kiɗansu, amma al'ada ce za a auna da nassi, ba nassi da al'ada ba. Kwame Bediako na Ghana ya mayar da martani cewa Kato ya yanke igiyar da ke haɗa Kiristan Afirka da asalinsa. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai Kato bai samu damar kare kansa ba, domin ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a Disamban 1975, yana da shekara 39.

Magadansa, irin su Yusufu Turaki da Samuel Waje Kunhiyop, sun riƙe ƙa'idarsa amma sun fi shi zama su saurari al'adar kafin su yanke mata hukunci. A 2006 masana 70 na Afirka, ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, suka fitar da sharhin dukan Littafi Mai Tsarki a mujalladi guda, tare da maƙaloli kan maita da auren mata da yawa da sha'anin kakanni. An fassara shi zuwa Hausa, abin da ya sa faston ƙauye da bai yi Turanci ko Faransanci ba yake iya karanta shi da kansa.