Abin da Barasa ke Yi a Jikin Direban da Ka Danƙa wa Shanunka

 Hukuncin barasa a addini kowa ya san shi tun yana makarantar allo. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wata dogon baro da ta taɓa kifewa da shanuna a hanyar kudu, ana gab da asuba. Direban ya rantse mini tun dare ya sha, ya yi barci, ya ci goro, ya watsa ruwa. Ban ƙaryata shi ba. Sai dai barasar tana nan cikin jininsa bai sani ba.

Ga yadda abin yake. Barasa ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinta na shiga jini tun daga tumbi, mafi yawa kuma ta ƙaramin hanji. Cikin 'yan mintoci ta kai ƙwaƙwalwa, takan kuma kai ƙarshen ƙarfinta tsakanin minti 30 zuwa 90. In cikin mutum wayam yake, ta fi saurin hawa. Abinci yana rage mata gudu ne kawai, ba ya hana ta shiga.

To, wa ke fitar da ita? Hanta ce ke aikin fiye da kashi 90 cikin 100. Da fari takan mai da ita wani sinadari mai guba da likitoci ke kira asitaldihaid, wanda ke da hannu a ciwon kai da tashin zuciyar wayewar gari. Daga nan ta sake sarrafa shi har ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa. Ɗan abin da ya rage shi ke fita ta fitsari da gumi da numfashi, shi ya sa na'urar da ake ba direba ya hura take kama shi.

Nan ne wurin lura. Hanta ba ta san gaggawa ba. Abin da take iya kawarwa a awa guda bai wuce gram 7 zuwa 10 ba. Babbar kwalbar giya mai santilita 65 tana da wajen gram 26, wato aikin awa 3 ke nan. Wanda ya sha kwalba 4 da ƙarfe 10 na dare, ko an yi sallar asuba hantarsa ba ta gama ba. Goro, kofi, shayi mai kauri, wankan ruwan sanyi, duk suna buɗe ido ne kawai. Lokaci kaɗai ke fitar da ita.

A ƙwaƙwalwa kuwa, abin da take fara taɓawa shi ne hankalin da ke ce wa mutum "yi a hankali". Sai ya ji ya fi kowa iya tuƙi, alhali ganinsa ya ragu, ƙafarsa ta yi nauyin taka birki. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa, ga nauyin shanu a baya.

Wanda ya daɗe yana sha, hantarsa kan tara kitse, ta kumbura, daga bisani ta ƙandare, ciki ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya. Abin ya fi muni ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ke da yawa a ƙasashenmu. Haɗa ta da tiramol na iya tsayar da numfashi. Wadda ake tacewa a ɓoye kuma wani lokaci takan zo da gubar mitanol mai makantarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Saboda haka kafin a yi lodi, tambayi inda direba ya kwana, ka matso kusa ku gaisa, ka kuma ji ta bakin karen mota. In ka yi shakka, gara shanu su ƙara yini a kara. Akwai yaranmu a saman motar nan, ba dabbobi kaɗai ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.