Sunan Ƙarshe Ba Shi Ne Asali Ba

Na gaji da ganin samarin Zangon Tamale suna liƙa kansu da manyan gidaje a Facebook don kawai sunansu na ƙarshe ya zo ɗaya da na wani a Kano ko Katsina. Wai jinin sarauta! Wa ya gaya maka?

Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Sunanka ne, sai na mahaifinka, sai laƙabin sana'a ko na gari. Rajistar makarantar boko da takardun gwamnati ne suka kafe na ƙarshen. Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan garuruwansu suka ɗauka. Alhassan Ɗantata kuwa, wanda fataucin goro ya kawo shi har Gwanja, Tata sunan matar da ta rene shi ne. Ko Turawan da muke kwaikwayo haka abin yake. A Wales, masu amsa Jones ba dangin juna ba ne, jikokin John barkatai ne kawai. A Sikotlan kuma talaka yakan ɗauki sunan shugaban da yake zaune a ƙasarsa.

To balle nan, inda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Yendi da Kete Karaci da Kumasi, Tamale kuma ta ja mutane bayan Turawa sun mai da ita hedikwatar Arewacin ƙasar nan a 1907. Wanda ake kira ɗan Kano wataƙila ayarinsu ne kawai ya taso daga can, shi kuwa Babarbare ne, ko Banufe, ko bawan da aka 'yanta, wanda ba abin kunya ba ne. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969 ma ta sa wasu gidaje yin gum da asalinsu.

In da gaske kake, ajiye gardamar intanet ka je ka durƙusa gaban kakarka, don tsofaffin mata sun fi maza riƙe zumunta. Kunna waya ka naɗi muryarta. Tambayi gari, tambayi unguwa, da zanen fuskar kakanni, da kirarin gida, da waɗanda kuke wasan dangi da su. Bi ɓangaren uwa daban. Buɗe gafakar malamin gidanku, masu kwafar littafi sukan rubuta sunansu da na iyayensu a ƙarshe. Leƙa wajen liman da Sarkin Zango, sannan ofishin adana takardun tarihi da ke nan Tamale. Abin da tsoho ɗaya ya faɗa kuma, kada ka rubuta shi sai ka ji daga bakin na biyu.