Kwamfuta ta biyu: maganar 'yan kasuwa da yadda abin yake

Wanda ya girke kwamfutar gem a ɗaki ko a shago a Gayam ya san inda take da rauni. Ba ta ɗaukuwa, kuma da zarar wuta ta ɗauke ko janareta ya shanye mansa, sai a kulle shago. Shi ya sa mai irin wannan na'ura yake fara neman ta tafi-da-gidanka, kuma daga nan yake faɗawa cikin surutan da ke yawo tun daga Farm Centre da titin Beirut a Kano har zuwa teburin mai shayi a Birnin Gwari.

Wanda ya fi cin kuɗin mutane shi ne wai tunda kana da ta gem a gida, dole ta biyun ma ta zama ta gem, don su dace da juna. Wannan ba gaskiya ba ne, biyan kuɗi sau biyu ne a kan abu ɗaya. Kwamfutar tebur mai katin hoto takan ja wat 300 zuwa 500 idan wasa ya yi zafi. Laftof ɗin gem cajarta kaɗai wat 180 ce ko 230, ga nauyi kamar bulo, kuma idan aka zare ta daga soket ƙarfinta yana raguwa, batirin ya tafi cikin awa ɗaya ko biyu ana wasa. Ta aikin ofis kuwa cajarta wat 45 ce ko 65, ƙaramar sola ma tana iya ciyar da ita. A wurin da wuta ba ta da tabbas, abin da ake nema a ta biyu shi ne abin da ta farko ta kasa: rubutu, karatu, cike fom, lissafin shago, daga safe har azahar babu janareta.

Sai maganar "Oga, i7 ce fa!" Gaskiya ce cewa i7 tana gaban i5 da i3, amma fa idan zubinsu ɗaya. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke faɗin shekarun na'urar. A i7-4600U, wannan 4 ɗin na nufin zubi na huɗu, na 2013, kuma ƙwayoyin aikinta biyu ne kacal. Ita i5-8250U ta 2017 tana da huɗu, i3-1215U ta 2022 tana da shida, ta kuma bar waccan tsohuwar i7 a baya nesa. Takardar da aka liƙa a jikin kwamfuta kowa na iya liƙa ta, don haka a kunna, a shiga saitin Windows a karanta cikakkiyar lambar da ido.

Akwai wani dalilin duba zubi da masu sayarwa ba sa son ambata. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar Intel da bai kai zubi na takwas ba, ban da wasu 'yan ƙalilan. Masu gyara suna iya tura ta da dabara, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata gyare-gyaren tsaro ba.

Cewa 'yar Landan, wato ta hannu, ta fi sabuwa ƙarko rabin gaskiya ce. ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell da EliteBook ta HP an ƙera su ne don ma'aikatu, jikinsu ya fi na sabuwa mai arha ƙwari, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Batirin ne ke tsufa ko a hannun wa take. Rubuta powercfg /batteryreport a cikin Windows zai fito da abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yau. Mai shagon da ya hana ka dubawa, ka gaishe shi ka wuce. Kuma ma'ajiyarta ta kasance SSD, domin tsohon faifai mai juyawa ba ya jure jijjigar babur a hanyoyinmu.

Wai za a haɗa kwamfutocin biyu da wayar HDMI, laftof ta zama allon ta tebur? Ƙarya ne ga kusan dukkansu, ramin nan fitar da hoto yake yi, ba ya karɓa. Abin da yake yiwuwa shi ne ta tebur ta yi wasan, ta turo hotonsa ta Wi-Fi na cikin gida da manhajojin Sunshine da Moonlight, waɗanda kyauta ne, kuma da an girka su ba sa neman data. Wanda ya zauna a yankin Birnin Gwari a ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya kusan wata biyu, ya san darajar abin da ke aiki babu intanet. Sai dai a tuna ta teburin dole tana kunne, wato janareta na ci.

Barin laftof a caji ba ya fasa batiri, tana yanke wuta da kanta idan ta cika. Zafi ne ya fi lalata shi, musamman a kan katifa a watan Afrilu. Yawancin Lenovo, Dell da ASUS suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 cikin 100, kuma wanda ke yini da ita a soket ya kamata ya kunna shi don batirin ya daɗe.